Ina Neman Asalin Kakana a Ƙasar Mani, Gwaggo Ta Ƙi Magana

Wasiƙar wannan makon daga birnin Katsina ta fito, daga wani magidanci malamin makaranta. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum Baba. A Kaduna aka haife ni, can na girma, aiki ne ya dawo da ni Katsina. Mahaifina ya rasu bara. Abin da na sani game da asalinmu bai taka kara ya karya ba: sunan kakana, da cewa manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Mani, ya rasu mahaifina yana ƙarami, sai kawunsa ya ɗauke shi ya tafi da shi Kaduna. Bai taɓa kai mu ƙauyen ba. Yanzu ɗana ya fara tambayata daga ina muka fito, na rasa abin da zan ce masa. Na duba intanet har na gaji, ban ga komai ba. Mutum ɗaya ya rage wanda ya san kakan nan ido da ido, wato gwaggona, yayar mahaifina, tana nan Katsina, ta haura shekara tamanin. Duk ranar da na ɗauko maganar sai ta ɓata rai, ta ce garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Na taɓa jin ƙishin-ƙishin wai kakan namu ba ɗan garin ba ne, har wasu na cewa daga gidan bayi ya fito. Ina ake ajiye takardun mutanen da? Kuma in matsa wa gwaggo ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi.

Abin da kake nema ba rashin kunya ba ne, ba kuma neman fitina ba. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya yi umarni mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Mutumin da bai san inda danginsa suke ba, ta yaya zai je musu gaisuwar mutuwa ko barkar haihuwa? Saboda haka ka kwantar da hankalinka ta wannan fuska.

Amma bari in faɗa maka gaskiya tun da wuri game da takarda, don kada ka ƙarar da kuɗin mota a banza. Idan gwaggonka ta haura tamanin, an haife ta ke nan a wajajen 1940 zuwa 1945, kuma mahaifinta ya yi ƙuruciyarsa da samartakarsa a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya kuma ga farkon zamanin Usman Nagogo. Ɗan manomin ƙauye da aka haifa a wancan lokaci, kada ka sa ran samun takardar haihuwarsa. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Nijeriya sai a 1979 aka fara yin ta. Ƙidayar jama'a da aka yi a Arewa a 1952, da ta 1963, abin da aka buga daga cikinsu adadi ne, ba sunayen mutane ba. Sunan talaka yakan shiga littafin hukuma ne kawai idan wani abu ya haɗa shi da ita: haraji, ko shari'a, ko aikin soja, ko aka ɗauki ɗansa makarantar boko. Shi ya sa intanet ta ba ka kunya, babu wanda ya zuba mata wannan labari balle ta maido maka da shi. Takardun da suka tsira suna nan, shekara mai zuwa ma za ka same su inda suke. Tsofaffin da suka san kakanka kuwa kullum raguwa suke yi. Don haka da mutane za ka fara, kuma a cikin mutanen gwaggo ce ta farko.

Ka tambaye ni ko ka matsa mata. A'a, kada ka matsa mata. Amma kada ka haƙura. Hanyar shigarka za ka sake.

Ka zauna ka yi tunanin abin da ya sa take ɓata rai, domin ruwa ba ya tsami banza. Yarinya ce da ta rasa uba da ƙuruciya, aka raba ta da ƙanenta, aka tafi da shi wani gari mai nisa. Mai yiwuwa gonar ubansu ma a gabanta ta koma hannun wasu. Kai a wurinka labari ne, ita a wurinta tsohon miki ne. Mai yiwuwa kuma tsoro take ji kada ka je ƙauyen ka tayar da maganar gado, ka ɓata ɗan zumuncin da ya rage. Sannan ga alkunya: matan zamaninta da yawa ba sa iya buɗe baki su kama sunan mahaifi ko miji ko ɗan fari. Idan ka tsaya a kanta da biro da takarda kana cewa "Gwaggo, wane ne uban babanku?" ka sa ta a wani hali da tarbiyyarta ba ta yarda da shi ba.

Kana da wani makami a gida wanda ba ka yi amfani da shi ba, shi ne wannan ɗan naka mai tambaya. Gwaggo kakarsa ce, kuma tsakanin kaka da jika akwai wasa. Abin da ɗa ba zai iya tambaya ba, jika yana tambaya har da tsokana, a yi dariya a ba shi amsa. Ka riƙa kai mata shi da yamma bayan La'asar, da ɗan goronta ko abin da ka san tana so, ka koma gefe ka bar su. Maiɗakinka ma za ta iya samo abin da ba za ka samu ba, domin hirar mata a tsakar gida, ana tsinke zogale ana taɗi, ta fi zurfi fiye da gaisuwar da namiji yake yi daga bakin ƙofa.

Kuma kada a fara da kakan. A fara da ita kanta. Wace kasuwa suke ci suna yara, kuma wace rana take ci? A ina suke ɗebo ruwa? Wa ya yi mata walicci da aka zo aurenta? Wane gida ne suke yi musu aski da kaciya? Su wane ne taubasansu? Ina ake kai su yawon Sallah? Kowace amsa a nan tana ɗauke da sunan wuri ko na gida. Ranar kasuwa kaɗai tana iya nuna maka yankin da ƙauyen yake ko da ta ƙi faɗin sunansa. Wanda ya yi mata walicci kuwa, galibi daga dangin uba yake fitowa, ga shi ka samu reshe guda ba tare da ka tambayi sunan kowa kai tsaye ba. Idan ka ga ta saki jiki, ka nemi izininta kafin ka ɗauki muryarta a waya. Kada ka yi mata satar murya. In ta gane daga baya, ka rufe ƙofar da hannunka. Wata rana kuma, ku biyu kawai, ka faɗa mata da bakinka cewa ba gona kake nema ba, ba gado ba, so kake 'ya'yanka su san wanda za su yi wa addu'a.

Kada ka tambayi tsoho shekarar da abu ya faru, ba da lissafin Turawa suka rayu ba. Ka tambaye shi me ake ciki a lokacin. Mutanenmu da manyan al'amura suke auna zamani: yunwar Kakalaba ta 1914, murar Marisuwa ta 1918, yunwar 1927 da ake kira 'Yar Buhu ko Mai Buhu, yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945, rasuwar Dikko a 1944, zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956, samun mulkin kai a 1960. Sunayen yunwa sukan bambanta daga gari zuwa gari, don haka ka rubuta sunan yadda aka faɗa maka, ka daidaita daga baya. Abin da ya fi waɗannan duka daidai shi ne ka tambayi wa ke Durbi, wato hakimin Mani, a lokacin, wa ke Magajin garin, wato dagacinsa. Jerin hakimai da shekarun sarautarsu abu ne da ake iya samu a rubuce, idan aka ce maka kakanka ya rasu a farkon sarautar wane, ka kusa kama shekarar.

Ka tattara duk sunayen da ake kiransa da su. A ƙauye sunan yanka yakan ɓace, laƙabi ya zauna. Za ka iya zuwa kana neman Muhammadu ko Abdullahi, kowa ya ce bai san shi ba, alhali duk garin sun san shi da Tanko ko Nomau ko Dogo, ko da sunan sana'arsa. Haka kuma tsagen fuska. Ka dubi fuskar gwaggo da tsofaffin hotunan mahaifinka. Tsagen Katsinawa daban, na Daurawa daban, na Gobirawa da na Barebari daban, tsohon wanzami yana kallo zai gaya maka na wane gida ne ko na wace ƙasa.

Kafin ka hau mota, ka buɗe akwatin mahaifinka. Takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar rantsuwar shekaru, fayil ɗin aiki ko na fansho, tsohon fasfo, duk akan rubuta garin haihuwa a cikinsu. Rajistar shiga makarantar elemantare kan ɗauki sunan uba ko mariƙi. Ka kuma nemi 'ya'yan kawun nan da ya riƙe shi a Kaduna. Su dangin kakarka mace ne, kuma ina roƙonka kada ka manta da ita. A irin wannan bincike sunayen mata ne suke fara ɓacewa, alhali auren mace shi ke haɗa ƙauye da ƙauye. Idan ka san garin da aka auro ta, ka samu wurin tambaya na biyu.

Ranar da za ka je ƙauyen, ka shiga ta ƙofa. Ka fara da mai unguwa, shi zai kai ka wurin Magaji, in da hali ka je da takarda daga ofishin hakimi. Hakimin Mani shi ne Durbin Katsina, amma an sha rarraba gundumomi tun bayan wancan zamani, ƙauyen da tsofaffi ke cewa na ƙasar Mani ne yana iya kasancewa yau a hannun wani hakimin. Ka tambayi halin hanya kafin ka tashi, kamar yadda kowa ke yi yanzu a jiharmu. Da ka zauna a zaure, bayan gaisuwa, maganar farko da za ta fito daga bakinka ita ce wadda ka faɗa wa gwaggo: ba maganar gona ta kawo ka ba. Baƙon da ya zo daga birni yana tambayar gidan marigayi wane, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne ya zo karɓar fili, kuma daga nan bakin kowa zai mutu.

Ka nemi liman, domin wasu malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen littafi ko a bangon kundi, da Larabci ko da ajami, ana gadon su a gafaka. Ka nemi gidan wanzamai da maroƙan garin, su ne masu riƙe da wane ya haifi wane, da shi suke cin abinci a wurin suna da ɗaurin aure. Ka roƙi a sada ka da tsofaffin mata sa'o'in gwaggo. Ka sa a zaga da kai: gonaki da rijiyoyi da kukoki sukan riƙe sunan mai su shekaru da yawa bayan ya mutu, kuma in akwai kufai a kusa, ka tambayi dalilin da ya sa aka tashi da inda mutanensa suka nufa. Ka ji mutane daban-daban, kowa shi kaɗai, domin a cikin taro duk abin da babba ya faɗa shi sauran za su bi. Tsohon da ya ga ka zo da goro yana iya ƙara gishiri don ya faranta maka. Kowane labari ka rubuta wanda ya ba ka shi da ranar, ka kuma rubuta ko ya gani da idonsa ne ko shi ma ji ya yi.

Sai bayan ka riƙe sunan ƙauye, da unguwa, da laƙabi, da zamanin hakimi, sannan takarda za ta yi maka amfani. Babbar ma'ajiyar ita ce Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. A can fayilolin suna jere ne bisa larduna, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano har zuwa 1926, aka mayar da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kansa tare da Daura. Don haka kada ka tsaya a fayilolin KATPROF kaɗai, ka duba na KANOPROF da ZARPROF, da na ofishin sakataren lardunan Arewa masu alamar SNP. Abin da za ka nema shi ne rahotannin kimanta haraji na gunduma da littattafan bayanin gunduma. Jami'an Turawa sukan zaga ƙauye-ƙauye su rubuta yadda aka kafa gari, da jerin masu sarautarsa, da ƙabilun da ke ciki, da sana'o'i, da yawan mutane da dabbobi. Da wuya ka ga sunan kakanka a ciki, sai dai in ya riƙe wata sarauta ko ya shiga wata rigima. Amma za ka ga duniyar da ya rayu a cikinta: nawa yake biya, me yake nomawa, wace shekara aka yi fari, daga ina baƙi suka kwararo. Ka lura Turawa sukan karkata sunayen garuruwa wajen rubutu, ka gwada kowace siga. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana da takardu da kundayen ɗalibai a kan gundumomi. A nan gida kuma ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, wadda ta fi kusa da kai.

Takardun da suka fi yiwuwar ɗaukar sunansa su ne jerin masu biyan haraji da littattafan alƙali. Malaman haraji na En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, sukan rubuta magidanta unguwa-unguwa, kuma an ci gaba da karɓar haraji da jangali har gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta. Yawancin waɗannan jerin gara da ruwa sun cinye, amma ka tambaya a gidan Magaji da ofishin hakimi, wani lokaci akan dace da ragowarsu, kuma tsofaffi sukan adana takardar haraji a gwangwani ko a adaka. Littafin alƙali kuwa, in an yi rabon gadon kakanka a gaban shari'a, shi ne zai jera maka matansa da 'ya'yansa da abin da ya bari. Na farkon zamani da Larabci ko ajami ake rubuta su, sai ka tafi da malamin da ya iya karanta tsohon rubutun hannu. Idan kuma aka ce maka wani a gidan ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila tana da sunayen mamatan a intanet. Ka sani dai sojojinmu galibi da sunan garinsu aka rubuta su a madadin sunan uba.

Yanzu ga maganar da na san ita ce ke ci maka rai. An ce kakanka ba ɗan garin ba ne. Wannan kalma tana ɗaukar fuskoki da yawa. Arewacin Katsina kan iyaka yake, kuma mutane sun yi ta ƙetarowa daga ƙasar Maraɗi da Tasawa da Damagaram, wasu yunwa ta koro su, wasu suna gudun aikin tilas da harajin Faransawa. Wani almajiri ne ya zo karatu ya zauna, wani ɗan cin rani ne aka ba shi mata da gona. Duk waɗannan ana ce musu baƙi har jikokinsu.

Yana kuma yiwuwa ƙishin-ƙishin ɗin gaskiya ne. Bauta ta yi yawa a ƙasar nan a ƙarni na 19, kuma ba dare ɗaya ta ƙare ba. Shelar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke matsayin bauta gaba ɗaya a Arewa. Tsakanin nan mutane da yawa sun fanshi kansu a gaban alƙali aka ba su takardar 'yanci. Idan abin da ka tarar ke nan, ɗana, ka ɗaga kanka. Wanda aka kama a hari ɗan wasu ne mai uwa da uba, zalunci ne ya faɗa masa, kuma abin kunyar ba a wuyansa yake ba. Mutumin da ya yi noma ya tara ya fanshi kansa, ya kafa gida har ya kai ga jika malamin makaranta, ni a wurina abin a yi masa addu'a da alfahari ne. Bilal (RA) daga bauta ya fito ya zama ladanin Manzon Allah, kuma Suratul Hujurat ta yanke magana cewa mafificinmu a wurin Allah shi ne wanda ya fi tsoronsa.

Sai dai sirrin ba naka ba ne kai kaɗai. Har yau akwai gidajen da ke fasa aure a kan irin wannan magana, abin takaici, kuma gwaggo tana da 'ya'ya da jikoki. Abin da ka samo ka rubuta shi don gidanku, kada ka zuba shi a Facebook ba tare da shawarar waɗanda abin ya shafa ba. Haka kuma kada zafin gori ya kai ka ga ɗaya gefen, ka karɓi salsalar da wani zai ƙirƙira maka ya jingina ka da gidan sarauta ko na sharifai. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya danganta kansa ga wanin ubansa yana sane. Inda labari ya tsaya, ka rubuta cewa a nan ya tsaya. Gwajin ƙwayoyin gado da ake tallatawa yanzu kuwa ba zai ba ka sunan ƙauye ko na mutum ba, kuɗinsa ya fi amfani a tafiya Mani.

Idan bayan duk wannan gwaggo ta ci gaba da yin shiru, ka ƙyale ta, ka ci gaba da gaishe ta da yi mata hidima kamar yadda ka saba, kada ta ga alamar cewa zuwanka na neman labari ne. Ka bi ta wajen 'ya'yan kawu da takardun mahaifinka har ka samu sunan ƙauyen. Amma kafin ka tafi ka je ka sanar da ita, ka tambaye ta ko tana da saƙo ga wani a can, kada ta ji labarin tafiyarka a bakin wasu. In ka dawo kuma, gidanta za ka fara sauka ka isar mata da gaisuwar waɗanda ka tarar da rai, da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa a dace.